Kurakurai uku wajen karanta asalin Sinawa daga tsoffin ƙasusuwa

Kama da wane ba wane ba ne. Yawancin kurakuran da ake yi a kan ƙwarangwal ɗin da aka tono a ƙasar Sin daga mance wannan suke tasowa.

Na farko shi ne cewa “Mutumin Peking”, wani daɗaɗɗen nau'in mutum da aka tono ƙasusuwansa kusa da Beijing (Peking a da), kakan Sinawan yau ne. A kogon Zhoukoudian, kudu maso yammacin Beijing, masani ɗan Sin Pei Wenzhong ya ciro ƙoƙon kansa a Disamban 1929. Masani Franz Weidenreich ya lura haƙoransa na gaba suna da kwarmi ta ciki kamar shebur, irin na Sinawa da yawa a yau, sai ya ce jini ɗaya ne. Amma wannan halitta, Homo erectus, ta rayu shekaru dubu ɗaruruwa da suka wuce, ƙwayoyin halittar gado kuma sun nuna tushen Sinawan yau na Afirka ne, kamar na sauran 'yan Adam. Gyaran shi ne a tambayi shekarun ƙashi da jinsinsa kafin a ɗaura masa zuri'a. Ƙasusuwan na asali ma sun ɓace a 1941 cikin yaƙi, kwafinsu ne ya rage, abin da har yau yake ba ni takaici.

Na biyu, karanta ƙabila daga siffar kai. Ƙoƙunan kai uku aka samu a wani kogon daban a saman tudun Zhoukoudian, Weidenreich ya ce ɗaya ya yi kama da tsoffin mutanen gabashin Asiya, ɗaya da 'yan tsibiran Melanesiya na tekun Pasifik, ɗaya da Eskimo, mazauna yankin ƙanƙara na can arewacin duniya. Mutanen gari ɗaya ma kawunansu ba ɗaya ba ne, don haka kai uku ba su isa hujja ba.

Na uku, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne na busassun gawarwakin kwarin Tarim a Xinjiang, arewa maso yammacin Sin. A maƙabartar Xiaohe an same su kwance cikin akwatuna masu siffar kwalekwale, an lulluɓe da fatar shanu, da hulunan ulu a ka, gashi ja-ja, hanci dogo, wasu da gutsattsarin cuku a wuya. Shekarunsu kusan 4,000. Nan take aka ce Turawa ne da suka yi ƙaura. Binciken ƙwayoyin halitta na 2021 ya nuna tsofaffin cikinsu 'yan asalin yankin ne, zuriyar wata daɗaɗɗiyar al'ummar arewacin Asiya. Alkama da gero da kiwo daga maƙwabta suka koya. In ka ga hatsin waje a kabari, fara tunanin ciniki da cuɗanya kafin ka ce mai kabarin baƙo ne.