Ga Sabon Zuwa Yerevan: Ka Hau Tudun Tsitsernakaberd Tun da Wuri

Ɗan'uwa, idan karatu ko neman abinci ya kawo ka Yerevan, babban birnin Armeniya, da zarar ka gama zirga-zirgar takardar zama da layin waya da neman ɗaki, ka ware safiya guda ka hau tudun Tsitsernakaberd. Kada ka bari sai ka shekara. A kan wannan tudu da ke saman kwarin kogin Hrazdan ne mutanen ƙasar suka gina wurin tunawa da kakanninsu da aka yi wa kisan kiyashi, kuma wanda bai je ba zai daɗe yana cuɗanya da Armeniyawa bai san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. Da wuya ka tarar da gidan da ba shi da labarin kaka ko kakan kaka da ya tsira shi kaɗai a danginsa.

Abin ya fara ne ran 24 ga Afrilu 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ta kame manyan Armeniyawa sama da 200 a Istanbul, marubuta da likitoci da malaman coci, kuma yawancinsu ba su dawo ba. Daga nan aka bi gari gari. Sai a ware maza a kashe, a kora mata da yara da tsofaffi da ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor, yunwa da ƙishi da 'yan sara su ƙarasa su a hanya. Ministan cikin gida Talaat Pasha ne jigon shirin. Armeniyawa suna ƙirga mutum miliyan 1.5 da suka mutu, masana tarihi da yawa suna cewa wajen miliyan 1 ko fiye.

A zamanin da Armeniya take cikin Tarayyar Sobiyet ba a barin a yi zancen a fili. Sai a 1965, da abin ya cika shekara 50, jama'a suka cika titunan Yerevan suna neman a tuna da matattunsu, aka kammala ginin a 1967. Za ka fara bin wata doguwar katanga mai tsawon mita 100, an sassaƙa mata sunayen garuruwan da aka yi kisan. A ƙarshenta akwai tsinin dutse mai tsayin mita 44, sannan manyan duwatsu 12 da suka sunkuyo suka yi da'ira, da wuta a tsakiyarsu wadda ba ta mutuwa. Matakalar da za ta saukar da kai wurin wutar tana sa mutum ya sunkuyar da kai ko bai yi niyya ba. A nan ka rage murya, ka kashe ƙarar waya, ka bar ɗaukar hoton kanka kana murmushi. Mutane suna ajiye furanni a gefen wutar. Ba dole ne ka ajiye ba. Tsayuwa cikin natsuwa, irin ta gidan makoki, ta isa.

Gidan tarihin yana gefe, an gina shi cikin jikin tudun, an buɗe shi a 1995, aka sabunta shi a 2015. Shiga kyauta ne, akwai bayani da Turanci, amma ranar Litinin a rufe yake. Hotunan da ke ciki suna da nauyi ƙwarai, musamman na yara marayu, don haka ka yi tunani kafin ka shiga da ƙananan yara. Kar ka sa wani uzuri na gaggawa a bayan ziyarar.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu. Yawancinmu Musulmi ne, Armeniyawa kuwa Kiristoci ne tun shekara ta 301, kuma waɗanda suka kashe su suna amsa sunan Musulmi. Wata rana abokin karatu ko mai gidan haya zai tambaye ka ra'ayinka. Kada ka kame-kame, kada kuma ka ɗauki laifin da ba naka ba. Gaskiyar magana ita ce, masu mulkin lokacin kishin ƙabila ne ya ja su, amma sun yi amfani da sunan addini wajen zuga talakawa, kuma an tilasta wa mata da yara da yawa barin addininsu. Ɓoye wannan ba zai ƙara wa Musulunci daraja ba. Akwai kuma Musulmin da suka ƙi. Mehmed Celal Bey, gwamnan Aleppo sannan na Konya, ya ƙi bin umarnin korar mutane har aka cire shi daga kujerarsa. Sharif Husaini na Makka ya fitar da takarda yana umartar Larabawa su kare Armeniyawan da suka tsira kamar yadda za su kare iyalansu. Gidajen Larabawa da Kurdawa da Turkawa sun ɓoye mutane duk da haɗarin da ke ciki. A ganina wajen waɗannan ya kamata mu tsaya, mu faɗi haka ba da jin kunya ba.

Ka kuma san cewa ciwon bai warke ba. Har yau gwamnatin Turkiyya ba ta yarda a kira abin kisan kiyashi ba, tana cewa mace-macen yaƙi ne da suka shafi kowane ɓangare, alhali Faransa ta amince tun 2001, Jamus a 2016, Amurka a 2021. Iyakar Armeniya da Turkiyya a rufe take tun 1993. Dutsen Ararat da za ka hango daga tudun idan gari ya washe, wanda ke jikin tambarin Armeniya, yana cikin Turkiyya ne. Mu da muka saba kallon finafinan sarakunan Turkiyya a gida, sai mu kiyaye: riga ko hula mai tutar Turkiyya a bar ta cikin akwati, yabon jarumtar daular kuma ba hirar teburin shayi ba ce a nan. A watan Satumban 2023 ma Armeniyawa sama da 100,000 suka baro Nagorno-Karabakh, yankin da aka daɗe ana rikici a kansa da Azerbaijan, cikin 'yan kwanaki, kuma mai yiwuwa direban tasin da ya ɗauko ka yana cikinsu. Ka fi yawan saurare.

Ran 24 ga Afrilu hutu ne a duk ƙasar. Daren jajibiri matasa suna tattaki da wutar tocila daga tsakiyar gari zuwa tudun, washegari kuma dubban ɗaruruwan mutane suna hawa da ƙafa tun safe har dare, furanni su taru su yi katanga kewaye da wutar. Ana rufe hanyoyin unguwar, don haka ka yi cefanenka da wuri, kar ka shirya walima ko ka saki kiɗa a ɗakin haya. Idan maƙwabta suka ce ka biyo su, ka bi su. Suna jin daɗin ganin baƙo a cikin sahu.

A sauran ranaku, tasin da ake kira ta manhajar GG ko Yandex Go zai kai ka cikin 'yan mintoci daga tsakiyar gari. Ka ce masa Tsitsernakaberd, ko ka nuna masa sunan a waya. Babu inuwa sosai a filin, sai ka riƙe ruwa da rani, ka sa rigar sanyi mai kauri da hunturu. Idan lokacin salla ya kama ka a hanyar dawowa, Shuɗin Masallaci yana kan titin Mashtots, shi ne kaɗai masallacin da ake salla a cikinsa a birnin.