Shawara ga masu kula da ɗakin karatu na ƙauye a lokacin dogon hutu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga duk mai niyyar shirya wa yara taro a ɗakin karatu a dogon hutun nan, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne lokaci, domin hutun yana faɗowa a tsakiyar damina, musamman watan Agusta, lokacin da yawancin yara ke bin iyayensu gona da safe. Yammacin Alhamis ya fi dacewa a ganina, tunda makarantun allo suna hutu ranar Alhamis da Juma'a, saboda haka ba za a yi karo da karatun malam ba.

Kafin a fara, a sanar da mai gari, sannan a roƙi liman ya yi shela bayan sallar Juma'a. A gayyaci wata dattijuwa ta buɗe zaman da kacici-kacici da tatsuniya, ko da yake wasu tsofaffin ba sa son yin tatsuniya da rana, sai an lallashe su. Daga nan yara su karanta gajeren labari a bayyane, ɗaya bayan ɗaya.

Littattafan kuwa a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango, saboda danshi da gara.