Yadda nake zaɓa wa ƙananan yara littafin hoto na azumi, Sallah da damina

Ni malamar rabin aji ce a Zariya, kuma duk lokacin da azumi ya ƙarato sai iyaye su tare ni a bakin ƙofa: "Malama, wane littafi zan saya wa yaron nan?" Ba na ba su sunan littafi, saboda wanda ke kanti bana ba lallai ne a same shi baɗi ba, kuma wanda ya dace da ɗan shekara uku ba shi ne na ɗan shekara shida ba. Abin da nake ba su shi ne yadda za su duba da kansu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, littafin farko da yaro zai samu game da kowane lokaci ya kasance mai nuna masa abin da zai gani idan ya leƙa ƙofar gidansu. Na wasu ƙasashe ya biyo baya.

Ki fara da kalanda kafin ki je kasuwa. Muna rayuwa da lissafi biyu. Damina, kaka, hunturu da bazara suna bin rana, ba sa gusawa. Azumi da Sallah kuwa suna bin wata, kuma shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, shi ya sa kowace shekara suke matsowa da kwana 10 ko 11. A 2015 cikin watan Yuni muka ɗauki azumi, ruwa na zuba. A 2025 ranar 1 ga Maris muka ɗauka. Yaran da ke hannunmu yanzu za su taso suna ganin azumi cikin sanyin hunturu. Saboda haka littafin da ya ɗaure azumi da zafin rana da ƙishirwa zai zama baƙo gare su nan da 'yan shekaru. Ba na cewa a ƙi shi, amma a san da haka.

Littafin lokaci kafin lokacin ake fito da shi. Na azumi tun tsakiyar Sha'aban nake buɗe wa yara, na Babbar Sallah da zarar raguna sun fara cika bakin titi, na damina idan hadari ya fara haɗuwa a gabas. Daɗin abin a wurin yaro shi ne ya ga abu a takarda, bayan kwanaki ya gan shi a zahiri ya yi ihu, "Umma, ga shi!" Idan aka bari sai ranar Idi aka miƙa masa, hankalinsa na kan sabon takalmi.

To, kin shiga kanti. Ki ɗauki littafin ki rufe rubutun da tafin hannu, ki bi zanen kawai daga bango zuwa bango. Idan kin gane labarin ba tare da kin karanta kalma ɗaya ba, mai zanen ya yi aikinsa. Yaron da bai iya baƙi ba zanen yake karantawa, kuma zai ɗauki littafin shi kaɗai sau da yawa fiye da yadda za ki zauna ki karanta masa. Daga nan ki tambayi kanki: abu nawa ne a shafin nan ɗana zai sa yatsa ya faɗi sunansa?

A nan ne yawancin littattafan azumi da ake shigowa da su daga Ingila, Masar ko Turkiyya suke gazawa a wurina, duk da kyan takardarsu. Za ki ga fitilu masu launi rataye a titi, wanda al'adar mutanen Masar ce, ga dogon tebur da kujeru, ga abinci iri-iri wanda in ban da dabino babu abin da yaron Tudun Wada zai gane. Azuminmu kuwa tabarma ce a tsakar gida, da kunun tsamiya ko na gyaɗa, da ƙosai, da kankana, da yaro riƙe da kwano an aike shi kai wa maƙwabta. Akwai muryar mai tafsiri daga rediyo, akwai mai kiɗan tashin sahur, sannan daga goma ga wata akwai tashe, wanda shi ne rabon yara na gaskiya a cikin watan: gemun auduga, tsohuwar babbar riga, gwangwani a madadin ganga. Duk littafin da na ga ya zana ko da biyu daga cikin waɗannan, ba na tsayawa dogon ciniki. Na waje kuma ina sayensa a matsayin na biyu, don yaro ya san akwai Musulmi a wasu wurare masu shan ruwa da wani abinci daban. Wannan ma ilimi ne, amma sai ya san nasa tukuna.

Akwai abubuwan da idan na gani nake mayar da littafi kan kanta komai kyansa. Na ɗaya, labarin da ke kunyata yaro don ya kasa kai azumi. Azumi bai wajaba a kan ɗan shekara biyar ba, kuma na ga yara suna ƙin cin abincin tara a makaranta don kada a ce musu ragwaye. Kakarmu cewa take yi ka yi rabi yau, rabi gobe, ita za ta ɗinke maka su zama ɗaya. Irin wannan sassauci nake nema a labari. Sai kuma littafin da ya mayar da Sallah bikin kaya: shafi na farko shadda, na biyu takalmi, na uku agogo da tabarau. A kowane aji akwai yaron da bana ba a yi masa ɗinki ba, wankakken na bara zai sa, kuma yana zaune a kan tabarma ɗaya da sauran lokacin da nake buɗe shafin. Ina son ganin lalle da kitso da tela yana fama da keke cikin dare, ba laifi, amma labarin ya tafi ga zuwa Idi, gaida kakanni, rabon tuwon Sallah da yawon barka da Sallah.

Batun layya yana bukatar a tsaya a kansa. Yara suna shaƙuwa da rago. Su ke ba shi dusa da harawa, wasu har suna suke sa masa, sai ranar goma ga Zulhajji su ga an kayar da shi. Littafi mai kyau yana shirya su: ya nuna kula da dabbar, ya faɗi a sauƙaƙe cewa muna koyi ne da Annabi Ibrahim, ya tsallake wuƙa da jini, ya sauka a kan rabon nama ga dangi da maƙwabta da marasa hali, da suyar da ake kwana ana yi. Ki duba kuma kada a zana fuskar wani Annabi. Wasu littattafan waje ba sa kiyaye wannan. Idan gidanku na cikin masu ƙin zanen fuska gaba ɗaya, akwai littattafan da ake buga mutanensu babu ido babu baki, kuma a ajina ban ga yaron da hakan ya hana shi bin labari ba.

Abin da yara suka fi so a Sallah, wato dawaki, shi ne ya fi wuyar samu a littafi. A nan Zazzau muna da Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, a Kano ga Daushe ga Nasarawa, har a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma ki zaga kantuna ki nemi littafin yara mai 'yan lifidi, da dogarai cikin ja da kore, da masu kakaki da algaita, ki ga ko ba za ki sha yawo ba. Haka Takutaha, ranar da yaran Kano ke hawa Dutsen Dala, haka Sallar Gani ta Daura, haka daren cika-ciki. Zan dawo kan maganin wannan.

Bayan zane sai rubutu. Ki karanta shafi biyu a bayyane, nan cikin kantin, kada ki ji kunyar mai kanti. Idan harshenki ya yi tuntuɓe, ko kika ji Hausar ba irin wadda uwa ke yi wa ɗanta ba ce, fassarar gaggawa ce, ki ajiye. Ki duba ko an sa wa ɓ, ɗ da ƙ ƙugiyarsu, domin yaro mai koyon baƙi abin da ya gani shi zai kwafa. Littattafan Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Wannan ba kuskure ba ne. Ga wanda bai kai shekara uku ba, a nemi mai shafin kwali mai kauri, abu ɗaya a shafi, don zai sa a baki. Daga uku zuwa biyar, jimla ɗaya ko biyu a shafi, musamman mai maimaituwa wadda za su riƙa amsawa kamar amshin tatsuniya. Ɗan shida ko bakwai ya isa labari mai matsala da warwara.

Littattafan yanayi kuwa, yawancin waɗanda makarantun kuɗi ke sa iyaye saye na Turai ne, masu ganye ja yana zuba da yara suna gina mutum da ƙanƙara. Yaro ya haddace sunayen lokutan shekara da Turanci, amma ka tambaye shi me ke biyo bayan damina ya yi shiru. Dogon hutun makaranta daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba tsakiyar damina yake faɗowa, don haka shi ne lokacin littafin shuka da noma, kwaɗi, gina mai tashi bayan ruwa, bakan gizo, gasasshiyar masara. Oktoba da Nuwamba kaka ce: damin gero, rumbu, cirar gyaɗa, kokawa a dandali. Hunturu hazo ne da faso da man kaɗe da jin ɗumi da asuba. Bazara zafi ne da mangwaro da ruwan randa.

Maƙwabtanmu na Wusasa ma wannan matsala suke fama da ita a Kirsimeti. Wata abokiyar aikina ta can takan yi dariya ta ce 'ya'yanta sun fi sanin barewar da ke jan keken ƙanƙara fiye da jakin da suke gani kullum. Ita abin da take nema shi ne labarin haihuwar Yesu cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, da zanen 25 ga Disamba irin tamu: hazo, rigar sanyi, matan zumunta da anko, shinkafa da kaza ana kai wa maƙwabta, har da mu.

Ina ake samu? A kantunan littattafai na Sabon Gari, a Zariya ko a Kano, da wajen masu sayar da littattafan addini na bakin masallatan Juma'a, sai dai a haƙura da tono. Intanet ta fi yalwa. Shafin African Storybook na wata ƙungiyar Afirka ta Kudu mai suna Saide yana da labarai masu zane da Hausa, an jera su mataki-mataki tun daga na kalmomin farko. Akwai StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, akwai Bloom Library na ƙungiyar SIL. Kyauta ake karantawa, kuma yawancinsu an yarda a sauke a buga. Hausar wasu tana da daɗi, ta wasu sai an gyara, don haka gwajin karantawa a bayyane yana nan daram. Idan kina da 'yar'uwa malamar firamare a Katsina ko Zamfara, inda aka yi shirin koyar da karatu na RANA, ko a Bauchi da Sakkwato inda aka yi Mu Karanta, ki tambaye ta littattafan karatun Hausa da aka raba musu. Ni na fi son a buga a takarda a kan a miƙa wa yaro waya, don waya saƙo ɗaya zai shigo labari ya watse. A shagon kwamfuta za a buga miki, a manna wa bangon leda, ki ɗinke gefen da zare da allura.

Abin da kasuwa ta rasa kuwa, ki haɗa da kanki. Wayarki cike take da hotunan Sallar bara. Ki zaɓi guda takwas ko goma da suka bi juna: ragon a ɗaure, Baba yana ɗaura hula, hanyar Idi, doki a filin hawa, Hajiya Kaka tana miƙa goron Sallah. A wanke su, ki manna kowanne a kan kwali, ki rubuta jimla ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe, da sunan yaron a ciki. Ki bar shi ya faɗi abin da za a rubuta, ko da maganarsa ta fi taki ban dariya. Tasa za ki sa. A ajina irin waɗannan ne suke fara yagewa saboda yawan hannu.

Wajen karantawa ba a bukatar wani tsari. A azumi bayan la'asar ya fi, lokacin da kike jiran kunu ya huce yara kuma suna neman rigima. Mai azumin da ya gaji zai iya ba yayarsu aikin. Ki bar su su tsayar da ke, su ƙirga raguna, su yi gardama a kan launin rigar dogari. Idan sun ce a sake, a sake.

Idan lokacin ya wuce da kamar mako biyu, ki kwashe littattafansa ki ɓoye har zagayowar shekara, ki fito da na gaba. Ki rubuta shekarar a cikin bango. Ki sa su a leda ki ɗaure kafin su shiga akwati, kuma kada akwatin ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, saboda danshin Agusta da gara.