Yadda ake ɗaukar maciji mai dafi a fim ɗin tsoro

Inda yaranmu masu shirya fim a Kumasi suke fara tuntuɓe shi ne yarda da maganar gardi. Da ya ce ya cire wa macijin haƙori, sai a miƙa wa 'yar wasa ta rataya a wuya. Haƙorin dafi sake fitowa yake yi, laya kuma ba ta hana dafi bin jini.

To, raba aikin gida biyu. Duk inda maciji zai taɓa jikin mutum, sa ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata. Ba ta da dafi, kuma a Ghana ake samunta. Mai dafin kuwa, gamsheƙa ce ko kasa, ɗauke ta ita kaɗai, a haɗa wajen tace hoto. Ka nemi izinin Wildlife Division, hukumar kula da namun daji ta Ghana, tun kafin ranar.

In ka nace sai fuskar jarumi da maciji mai fasa kai sun haɗu a hoto ɗaya, to gilashi ne zai raba su, kuma a nan ake ɓata aiki. Ko a fim ɗin Raiders of the Lost Ark na 1981, da aka sa gilashi tsakanin jarumin, Harrison Ford, da kumurci, masu ido sun hango inuwar macijin a jikin gilashin. Kada fitila ta kalli gilashin, ajiye ta a gefe. Rataya baƙin yadi a bayan kyamara, mai ɗauka ma ya sa baƙar riga, agogo ya koma aljihu. Gilashin ya ɗara tsayin mutum, a toshe gefunansa da katako, domin gamsheƙa tana tofi har wajen mita 2, ido kuma take nema. Kowa ya sa tabarau. Gilashi mai kauri da tsada, na sani, amma ni ban yarda da gilashin taga ba. Gara ka rage kuɗin kwalliya. Fitilar LED kawai, don zafin manyan fitilu ƙara wa maciji kuzari yake yi.

Sauran ba wuya. Mai macijin ne ke ba da umarni, ba darakta ba. Tabbatar asibiti yana da allurar maganin dafin maciji kafin a buɗe akwati, mota da direba suna bakin ƙofa. In an yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, sai asibitin Komfo Anokye kai tsaye. Tofi a ido, a yi ta kwarara ruwa har a isa.