Kurakuran da masu tara LEGO na jarumai suka fi yi, da yadda ake gyara su

Yawancin masu tara LEGO na jarumai, wato ƙananan bulon robar wasa da ake harhaɗawa su ba da jaruman fim da kayansu, ba da niyyar tarawa suka fara ba. Batman guda ne ya burge mutum, ko ya sayi ƙaramin kwalin Spider-Man da sunan na yaro ne, ƙarshe shi ya zauna ya harhaɗa abinsa. Kafin shekara ta zagayo kanta ta cika, kwali ya hau kan kwali, amma in ka tambaye shi takamaimai me yake tarawa sai ya hau sosa ƙeya. Wannan ne kuskuren farko, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa.

Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya fara fitar da Spider-Man a 2002, ya yi jerin Batman daga 2006 zuwa 2008, sannan daga 2012 jaruman DC da na Marvel, kamfanonin da suka mallaki su Batman da Spider-Man, suka zama kayan kowace shekara. Saitin da aka fitar tun daga lokacin ɗaruruwa ne. Batman shi kaɗai yana da kamannu da ba za ka iya riƙewa a ka ba, haka ma sulken Iron Man. Wanda ya ce sai ya mallaki duka ya ɗebo ruwan dafa kansa. Ka yi wa kanka iyaka kafin aljihu ya yi maka: ko motocin Batman kaɗai, ko 'yan mutum-mutumin jarumi ɗaya (ƙananan mutanen robar da ke zuwa cikin kwali), ko manyan gine-gine. In gine-ginen ka zaɓa, ka fara auna wurin da za su zauna. Daily Bugle na 2021 guntaye 3,772 ne da 'yan mutum-mutumi 25, tsayinsa ya haura santimita 80. Avengers Tower na 2023 guntaye 5,201 ne, tsayinsa kusan santimita 90. Ba kowace kanta ke ɗaukar waɗannan ba, kuma babu takaici irin ka gama ginin kwana huɗu ka rasa inda za ka aje shi sai ƙasa.

Sayen kwali guda saboda mutum ɗaya

Kamfanin ya san kasuwarsa. Jarumin da kowa ke so yana cikin kusan kowane kwali, mugun da ba a saba gani ba kuwa sai a saka shi a saiti ɗaya tak. Sai ka ga mutum ya sayi kwali biyar yana farautar mugaye biyar, ya tashi da Spider-Man biyar iri ɗaya da tarin motocin da bai taɓa so ba. In ɗan mutum-mutumi kake nema, ka saye shi shi kaɗai. Kasuwar BrickLink, wadda aka kafa a 2000 kuma LEGO ta saye ta a 2019, aikinta ke nan: ana sayar da kowane guntu da kowane mutum daban, kuma tana nuna maka a nawa aka sayar da abin cikin watannin baya, ba abin da mai kaya yake fata kawai ba.

Akwai kuma kishiyar wannan. Ka ga saitin gwanjo da araha ka yi wuf da shi, ashe an cire 'yan mutum-mutumin. A jerin jarumai, sau da yawa darajar tana jikin mutanen ne ba ginin ba. Saiti mai lamba 6866 na 2012 ƙaramin jirgi ne mai saukar ungulu, ba wani abin a zo a gani ba, amma Deadpool da ke cikinsa ya sa ake rububinsa. Irin wannan saitin in babu mutanensa, ɓawo ka saya.

Jabu

Nan ne aka fi kuka. Kamfanonin da ke kwaikwayon kayan LEGO suna da yawa. A 2019 'yan sandan Sin sun kai samame masana'antar Lepin, wadda ta yi suna wajen kwafe saiti har da hoton kwali, amma wannan bai kashe sana'ar ba. Wanda ya san jabu yake saye kuma ya yarda, lamarinsa daban. Matsalar ita ce ka biya kuɗin na asali a miƙo maka na bogi.

Abin da za ka fara dubawa shi ne 'yan kawunan nan da ke saman bulo: kowanne na asali akwai kalmar LEGO a kansa. A ɗan mutum-mutumi, cire kan ka dubi saman wuyan gangar jikin, rubutun yana nan. Sannan ka dubi zanen. Na asali layukansa a tsaye suke, fentin ba ya malala, idanu ba sa karkacewa. Jabu kan yi ƙyalli fiye da kima, ko hannu ya yi sako-sako, ko ƙafa ta yi tauri har ka ji tsoron lanƙwasa ta. In ta intanet za ka saya, ka nemi hoton ainihin kayan a wargaje, kai daban, gangar jiki daban, ƙafafu daban. Mai kayan da ya turo maka hoton talla na kamfani kawai, ko ya ce ba shi da lokacin ɗauka, ya riga ya ba ka amsa.

Wata dabarar ta fi wannan zurfi. Akan haɗa gangar jiki ta asali da kwalkwalin jabu, musamman a Iron Man da Batman inda kwalkwalin ne abin nema. Akwai kuma masu sayen fararen sassa na asali su buga nasu zanen a kai. Tambarin kamfani yana nan, amma kamfanin bai taɓa fitar da wannan jarumin a haka ba. Wasu masu wannan aikin suna faɗin gaskiya, kuma aikinsu na da kyau. Sai kayan ya sauya hannu sau biyu uku labarin yake canzawa. Maganin shi ne ka kwatanta da kundin BrickLink ko na shafin intanet na Brickset, inda aka jera kowane mutum da saitin da ya fito a ciki. In babu shi a nan, ka yi taka-tsantsan.

'Yan mutum-mutumin da aka raba a taron masoya labaran jarumai na Comic-Con da ake yi a San Diego ta Amurka, irin su Phoenix da Bizarro da Shazam na 2012, kaɗan aka buga, don haka su aka fi yi wa jabu, har da katin da suke zuwa a kai. Ka gan su da sauƙin kuɗi, ka tuna araha ba ta ado.

Suna ɗaya, kaya biyu

Kada ka yi ciniki da suna, ka yi da lamba. Motar Batman da ake kira Tumbler ta fito babba a 2014 da lamba 76023, ta sake fitowa a 2021 da lamba 76240, ga kuma ƙanana masu wannan sunan. Hulkbuster, ƙaton sulken Iron Man, ma haka: akwai na 2018, akwai ƙaton nan na 2022 mai guntaye 4,049, akwai ƙananan na wasan yara. Lambar tana jikin kwali da littafin haɗawa.

Labarin Tumbler ɗin nan kuma darasi ne ga masu sayen kwali su ɓoye suna jiran ya yi tsada. Gaskiya ne wasu saitin kan tashi bayan an daina buga su. Amma kamfani na iya sake fitar da sabo wanda ya fi tsohon kyau, ko ya dawo da jarumin da ya yi wuya a cikin ɗan ƙaramin kwali, sai masu neman tsohon su ragu. Ni dai a ganina, wanda ya cika ɗaki da kwalaye a rufe ba tara LEGO yake ba, kwali yake tarawa.

Rana, ƙura da gam

Na taɓa aje wani jirgi mai launin toka a bakin taga don ina son hasken da ke sauka a kansa da safe. Ban lura da komai ba sai ranar da na juya shi zan share: gefen taga ya koma kamar tsohon haƙori, ɗaya gefen yana nan garau. Robar da ake yin bulon da ita, wadda ake kira ABS, hasken rana na sauya mata launi, kuma fari da toka mai haske da shuɗi su suka fi nunawa. Wasu na jiƙa guntayen a ruwan haidirojin feroksayid su dawo da farin, sai dai sau da yawa rawayar kan dawo daga baya, kuma ban ba da shawarar a gwada a kan abin da ke da zane ba. Nesa da taga, cikin kabad mai gilashi in da hali, shi ne ya fi.

Ƙura kuwa burushi mai laushi ya ishe ta. In wanki ya zama dole, da hannu, da ɗan sabulu, a ruwan da bai wuce digiri 40 ba, a bar su su bushe da kansu a inuwa. Ban da injin wanki, ban da na'urar busar da gashi. Duk guntun da ke da sitika kada ya ga ruwa.

Gam kuma a bar shi. Saitin da aka manne ya mutu: ba ya wargajuwa, ba ya gyaruwa, ba mai saye.

Ga 'yan mutum-mutumi, ɓarnar tana zuwa ne daga yawan taɓawa. Cire hannuwa daga gangar jiki ana musanyawa yana tsaga ta a ƙarƙashin hammata, kuma wurin da mai saye mai wayo yake fara dubawa ke nan, sai bayan diddige. Alkyabbar yadi ta Batman ko Superman in aka cusa ta cikin leda tare da sauran kaya takan cukurkuɗe, gefenta ya zare. A cire ta a shimfiɗa tsakanin takardu. Guntaye masu launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu na wasu shekarun baya sun yi suna wajen saurin karyewa, don haka in za ka wargaza tsohon saiti ka bi su a hankali da ɗan abin ɓamɓarewar nan mai ruwan lemo da ke zuwa cikin manyan kwalaye. Haƙori ba kayan aiki ba ne.

Wajen haɗawa ma ana yin 'yan kurakurai. Ledojin suna da lamba don a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba a zube su gaba ɗaya ba. A saitin Batman, baƙi da toka mai duhu sukan yi kama a littafi, sai ka yi nisa ka gane ka cinye wanda za a buƙata gaba. Ka yi aikin a wuri mai haske. 'Yan ƙananan guntayen da suka rage a ƙarshe ƙari ne da gangan, ba mantuwa ka yi ba. In littafin ya ɓata, ana sauke shi kyauta a shafin kamfanin da lambar saitin, kuma a nan ake neman guntun da sabon kwali ya zo babu shi. Mai gyaran tsohon saiti ya sani cewa a 2004 kamfanin ya sauya launin tokarsa, don haka tokar Spider-Man na 2002 ba ita ce ta Batman na 2006 ba.

Sai kuma 'yan ledojin nan da ba ka san wanda ke ciki ba sai ka buɗe. A da mutane kan lalube su da yatsa su gane. Daga jerin Marvel na biyu a 2023 aka koma ƙaramin kwali, lalube ya ƙare. In mutum biyu kake so cikin 12, sayen su a buɗe ya fi caca sauƙi.

Wasanni da fina-finai

Kamfanin Traveller's Tales na Ingila ne ya yi wasannin bidiyo na LEGO: LEGO Batman a 2008, na biyunsa a 2012 wanda a cikinsa ne 'yan mutum-mutumin suka fara magana da baki, LEGO Marvel Super Heroes a 2013, har zuwa LEGO DC Super-Villains a 2018. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton suna ɗaya wasa ɗaya ne. Na Marvel na 2013 da aka yi wa ƙananan na'urorin hannu da wayoyi, mai ƙarin suna Universe in Peril, wani wasa ne daban, babu yawon birnin New York da ya sa ake son babban. Ka duba na'urar da aka rubuta a jikin faifan.

Wasan LEGO Dimensions na 2015 ya fi kowanne tarko, don an daina yi masa sababbin kaya tun 2017, yanzu sai gwanjo. Faifai kaɗai ba ya aiki sai da faranti na musamman da ake ɗora 'yan mutum-mutumin a kai, kuma farantin Xbox ba ya aiki a PlayStation. Kowane jarumi yana da ɗan kewayayyen gindi da na'urar ke karantawa. In an sayar maka da shi babu gindin, a kanta kawai zai yi amfani.

Wasu wasannin da fina-finan sun zo da ɗan mutum-mutumi na musamman. Iron Patriot ya biyo wasan Marvel na 2013 ga waɗanda suka yi oda tun kafin fitowarsa, Clark Kent kuma ya zo cikin kwalin fim ɗin LEGO Batman na faifai na wannan shekarar. A gwanjo, hoton jarumin yana nan a bango amma shi ya daɗe da tafiya, sai ka tambaya. Wannan fim ɗin na 2013 kuma ba shi ne The LEGO Batman Movie na 2017 da aka nuna a silima ba. Mutane da yawa sun sayi ɗaya suna zaton ɗayan ne. Faifan DVD da Blu-ray suna da kullen yanki, na Amurka ba lallai ya buɗe a na'urar Turai ba.

Kada kuma ka ɗauka duk jarumin da ka buɗe a wasa akwai shi a roba. Wasu wasannin na ɗauke da jarumai sama da ɗari, da yawansu ba a taɓa ƙera su ba, kuma ta wannan ƙofar masu jabu suke shigowa. Haka saitin da aka yi wa fim ba lallai ya dace da fim ɗin ba, don ana tsara shi tun fim bai kammala ba. A 2013 an fitar da saitin Iron Man 3 inda Mandarin, mugun fim ɗin, ke tuƙa wata 'yar motar yaƙi yana fafatawa da Iron Man. Wanda ya kalli fim ɗin ya san babu wurin da hakan ta faru.