Yadda ake gwada jin ƙafar mai ciwon sukari a gida

Kusan rabin masu ciwon sukari suna samun lalacewar jijiyoyi a tsawon rayuwarsu, kuma abin yakan fara ne daga yatsun ƙafa, domin jijiyoyin da suka fi tsawo su ne suke fara galabaita. Wanda ƙafarsa take yi masa zugi ko suka kamar ta allura yakan nemi likita da kansa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda jin ya ɗauke masa sannu a hankali, har ya taka ƙusa bai sani ba.

Likitoci a garin Ipswich na Ingila sun tsara wani gwaji wanda ba ya bukatar kayan aiki. Majinyaci ya cire takalmi da safa, ya miƙe ƙafafunsa, ya rufe ido. Sai wani ya ɗora kan yatsansa manuni a bakin babban yatsan ƙafa na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sannan na tsakiya, sannan ƙaramin, a kowace ƙafa, wato wurare shida ke nan, majinyacin kuwa ya amsa duk lokacin da ya ji taɓawa. Kada a danna, kada a sosa, kuma kada a maimaita inda bai ji ba, domin tausayin mai gwaji shi ne yake ɓata sakamakon. Idan wurare biyu ko fiye sun wuce bai ji ba, a kai shi asibiti a tabbatar ta hanyar taɓa ƙafar da siririn zaren roba mai matsin giram 10.

Gado yana da hannu a lamarin, shi ya sa mutum biyu masu sukari daidai da juna ɗaya yakan kamu, ɗaya ya tsira. Masu bincike sun daɗe suna nazarin ƙwayar gadon sinadarin da yake mayar da gulukos, wato sukarin jini, zuwa wani nau'in sukari mai suna sobitol, wanda yake taruwa a cikin jijiya. Sai dai abin da yake hannun majinyaci shi ne saita sukarinsa: binciken da aka wallafa a 1993 kan masu ciwon sukari nau'i na 1 a Amurka da Kanada ya nuna tsananta kulawa ya rage lalacewar jijiyoyi da kimanin kashi 60 cikin 100.

Mai nau'i na 2 ya fara gwajin asibiti tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na 1 kuma bayan shekara biyar, daga nan sai kowace shekara. Wanda ya daɗe yana shan maganin sukari metfomin ya nemi a auna masa bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana kashe jin ƙafa.