Larabcinka na takarda ne, kunnenka fa?

Duk shekara sai sabbin ɗalibai sun iso mana nan Alƙahira, yaro ya sha nahawu da sarfu tun a zaure, ka ba shi baiti ya yi maka i'irabi tsaf, amma ka bar shi da mai shago minti biyu sai ka ga ya koma kurma. Na gaji da bin ɗaki ɗaki ina maimaita magana ɗaya, gara in rubuta kowa ya karanta.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne gyaɗa kai. Ba ka ji abin da aka ce ba, kunya ta hana ka tambaya, sai ka ce "aiwa aiwa", wato eh eh, ka wuce. Ni wannan abu ya taɓa cin kuɗina. Shekarata ta farko na je wani ofis kan takardun zama, mutumin ya zubo magana ta taga kamar ana ɓare gyaɗa, abin da na tsinta kawai "khamis", na ce to Alhamis ke nan, na yi godiya har da murmushi. Ashe "abl il-khamis" ya ce, wato KAFIN Alhamis. Kalmar qabla ce fa, wadda na sani tun ina ɗan shekara 10, amma Bamisire ba ya furta ƙaf, hamza yake mayar da ita, ni kuma kunnena bai taɓa jin ta a haka ba. Na zo ran Alhamis an rufe karɓa, na biya tara, na sake bin layi daga farko, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Tun daga nan duk maganar da ta shafi rana ko kuɗi ko lambar taga sai na maimaita wa mutum abin da na ji, in ban gane ba in ce "uul taani, birraaha", sake faɗa a hankali. Wasu su ɗaure fuska, su ɗaure ɗin, ba su za su biya min tara ba.

Tushen abin shi ne mun koyi kalmomi da ido. Qalb ya koma alb, qahwa ta koma ahwa, jamil ya koma gamil, wasalin ƙarshe da muka sha bulala a kansa duk an yanke shi, ga "ma'rafsh" an dunƙule ban sani ba a loma ɗaya. Thalatha ce kaɗai ta zo mana a sauƙi, talata suke cewa kamar dai ranar Talata tamu. Kuma kada ka ce ka gama da Masar shi ke nan, ɗan Sudan ƙaf ɗinsa "ga" ce, "gaal" zai ce, ya tambaye ka "daayir shinu", Bamisire kuma "aayiz eh". Tambaya ɗaya ce, me kake so.

Na biyu, tsayawa kan kalma guda. Malam na bayani, kalma ɗaya ta kufce maka, ka tsaya kana juya ta kana neman Hausarta a ka, kafin ka ɗago ya yi jimla biyar gaba. Haba ɗan'uwa, wa ya ce maka sai ka ji kowace kalma? Ko a Hausa in Basakkwace ya saki baki ba duka Bakano ke kamawa ba, amma ana hira lafiya lau. Bar ta ta wuce, in mai muhimmanci ce za ta dawo.

Sai masu cewa ai kullum suna jin Al Jazeera da wa'azi. Madalla, amma wannan fusha ce, wato Larabcin littafi, a tsare, ba haka direban ƙaramar bas zai yi maka a dandalin Ramsis ba. Masu kallon fim da rubutu a ƙasa kuma karatu kuke yi, ba sauraro ba. Rage gudun YouTube zuwa 0.75 ba laifi na sati ɗaya ko biyu, in ya zame maka jiki ka cuci kanka.

Abin da ni nake yi, ban ce kowa ya yarda ba, akwai abokina da ke cewa ɓata lokaci ne: in yanko hira ta minti ɗaya, in ji sau 5 ba tare da rubutu ba, in rubuta abin da na ji ko da shirme ne, sannan in kai wa maƙwabcina Bamisire ya gyara yana min dariya. Bayan nan in bi bakin mai maganar da ƙarfi. Kalmar da bakina ya iya furtawa irin tasu, na lura ba ta sake ɓace wa kunnena.

Ku kuma da kuka tare a unguwar Hayyul Ashir, ɗaki Hausa, girki Hausa, ƙwallo Hausa, shekara uku mutum bai iya cewa "ala gamb ya usta" a sauke shi a mota ba sai dai ya daki ƙarfe, ku za mu yi magana ranar Juma'a in an sauko.